Matar Tafinta

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Mama, mutanen cocinmu suka sami abin kwatance. In mata da miji sun yi faɗa, sai a ce su je su ga Baba. In wani ya yi ƙorafin jinya, a ce ya je ya ga Baba. Har Fasto, da ya fara jerin wa'azinsa a kan haƙuri, ba ya sauka daga mumbari sai ya ambace shi. Abin dariyar shi ne Baba ne tafintan coci, don haka shi ne zai tsaya kusa da Fasto ya juya wa jama'a yabon kansa da bakinsa. Yakan rage masa gishiri, ya yi sauri ya wuce wurin, kunnuwansa suna zufa.

Cocinmu taron mutane ne daga wurare dabam-dabam, ba kowa ke jin yaren da ake wa'azi da shi ba. Tun kafin a haife ni Baba yake wannan aiki, kuma ya iya shi, ba don yana ubana ba. Kafin mai wa'azi ya rufe baki, Baba ya buɗe nasa. Yakan ce tafinta na ƙwarai ba ya barin shiru ya shiga tsakaninsa da mai magana, don da zarar shiru ya shigo, hankalin jama'a ya fita, wannan ta tuna tukunyarta, wancan ya duba agogo.

Yabon da ake masa kuwa bai wuce gona da iri ba. Shi ke yi wa Mama wanka, shi ke juya ta a gado, shi ke shafa mata mai a hannun da ya mutu yana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya. Har kitso ya koya, irin wanda in ka gani sai ka rasa ko dariya za ka yi ko kuka. Ni 'yar fari ce, ina koyarwa a makarantar firamare, sai an tashi nake zuwa in karɓe shi, shi ma ba ya karɓuwa. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba. Ni da nake zuwa na ɗan lokaci, nawa tsakin ya isa a raba wa unguwa.

Ƙafar Mama ta fara dawowa, tana takawa da sanda daga ɗaki zuwa baranda. Baki ne ya ƙi. Hankalinta garau yake, kana gani a idonta ta san abin da take so, amma kalmar sai ta zo maƙogwaro ta maƙale. Wannan fa mace ce da take da shagon ɗinki a bakin titi, wadda in tana ciniki da mai kawo yadi, masu shago uku a jere suke sanin farashin. Yanzu sai leɓe ya yi ta rawa, ta ce "ru", ta sake cewa "ru".

A nan muka ga amfanin auren tafinta. Kafin ta sha wahala Baba ya ce, "Ruwa? Ga shi." In ta kalli taga ta buɗe baki, ya ce zafi take ji, ya buɗe. In baƙi sun zo dubiya ta ɗaga hannun hagu tana kokawa da harshenta, sai ya yi murmushi ya ce tana cewa ta gode, Allah ya saka. Baƙin su tafi suna cewa irin wannan ƙauna sai a littafi. Ni kaina ina alfahari da shi, nakan ba abokan aikina labari.

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne Mama. Maimakon ta ji daɗi, sai ta fara shan mur. In Baba ya shigo ɗaki, ta juya fuska bango. Wata rana ya miƙa mata kofi, ta karɓa da hannun da ke aiki, ta kalle shi, ta wurga kofin ƙofa. Baba ya ɗauko tsumma ya goge ruwan, ya ce ciwo ne, ba ita ba ce.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta tare a gidan tun farkon jinya, ta ce aikin maƙiya ne, azumi ake bukata, ita kuma ba ta iya azumi saboda gyambon ciki, sai dai mu. Auta, ƙanena, bakanike ne, a wurinsa kome gyara ne, ya ce maganin ne bai karɓe ta ba, a canza asibiti. Matan coci suka zo suka cika falo, suka yi waƙa, suka yi addu'a, a bakin ƙofa kowacce ta riƙe hannun Baba ta ce ya ƙara haƙuri. Ni kuwa haushin Mama nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina ganin mutumin nan ya rame a tsaye saboda ita, ita kuma ko kallon arziki ba ta yi masa.

Daga nan sai ta daina ƙoƙarin magana gaba ɗaya. Ko "ru" ɗin ma ya ɓace.

Akwai wata malama a asibiti da ke koya wa masu irin ciwon Mama magana, ni nake kai ta wurinta. Ran nan ta fito da ni waje ta ce abin yana damunta. A farko Mama takan fitar da kalma ɗaya ko biyu, yanzu ko leɓe ba ta motsawa. Ta ce bakin da ya daina gwadawa yakan saba da shirun, in kuma ya saba, fito da shi zai yi wuya, wataƙila mu ƙarasa rayuwa ba mu sake jin muryarta ba. Ta tambaye ni ko ana yi wa Mama hira a gida, ana ba ta lokaci. Na kusa yin dariya. Na ce mata in dai lokaci ne da haƙuri, a gidanmu ake sarinsu. Ta dube ni kamar za ta ƙara wani abu, sai aka kira ta ciki.

Na dawo gida kaina a ɗaure. Muna da mai haƙuri, muna da addu'a, muna da magani, kuma Mama tana ƙara nisa da mu kullum. Na rasa wanda zan ɗora wa laifi, ni kuwa ba na jin daɗi in ban sami mai laifi ba.

Lahadin da za a rufe wa'azin haƙuri, Fasto ya gayyato wani tsohon mai bishara, wanda ya koyar da shi tun yana saurayi. Tsoho ne tukuf, sai da aka riƙe shi ya hau mumbari. Maganarsa a hankali take, yakan faɗi rabin jimla ya tsaya, ya lumshe ido yana neman sauran. Auta ne ya zauna da Mama a gida, Baba ya ɗauki makirufo ya tsaya a gefen tsoho kamar kullum.

Tsoho ya fara da manomin da nassi ya ba da misali da shi, wanda ya shuka ya koma yana jiran ruwan sama. Ya kai tsakiyar jimla ya tsaya. Shirun ya ɗan yi tsawo. Na ga Baba ya motsa ƙafa. Sai kawai ya juya rabin da aka faɗa, ya ƙarasa da sauran da ba a faɗa ba, tunda ya san ayar kamar sunansa. Waɗanda ke jin yarukan biyu suka yi dariya, tsoho ma ya murmusa. A jimla ta gaba haka aka yi. A ta bayanta ma haka. Wa'azi ya yi gudu, ya yi daɗi, ana ta cewa amin, sai dai mai wa'azin ne aka bari a baya. Can tsoho ya ɗaga yatsa, ya buɗe baki, da alama wani abu ne nasa na kansa yake so ya faɗa, wanda ba ya cikin ayar. Baba ya riga shi. Tsoho ya rufe baki. Ya sauke yatsan, ya juya ya zuba wa bango ido, ya bar Baba da jama'a.

Na san wannan juya fuskar, a ɗakin Mama nake ganinta kullum.

Sanin abu daban, faɗarsa daban. Ta yaya zan dubi mutumin da gari ya shaida, in ce masa haƙurinsa ne bai isa ba? Ni, da ko layin famfo ba na iya bi ba tare da na yi faɗa ba? Na yi ta juya maganar har yamma. Na same shi a bayan gida yana shanya zannuwan gadon Mama, na kama masa gefe ɗaya, na yi ta kame-kame, daga ƙarshe dai na faɗa. Na ce ina ganin Mama ta daina magana ne don ba a barin ta ta ƙarasa.

Bai yi fushi ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya matse zanen, ya shanya, ya daidaita gefensa.

"Uwata," ya ce, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "kin taɓa tsayawa kin kalli bakinta lokacin da take neman kalma? Jijiyar wuyanta har tashi take. Ni na san kalmar, tana bakina. So kike in riƙe ta ina kallonta tana shan azaba? Wannan haƙuri ne ko mugunta?"

Na zo da gaskiyata a hannu, ya yi mini tambaya ɗaya ta watse. Na ce masa dai mu gwada, in bai yi ba mu bari. Ya ce to. Ya ɗauki bokiti ya shiga ciki, kafaɗunsa a sauke.

Gwajin bai yi kyau ba. Baba ya zauna gaban Mama da kofin ruwa a hannu, ya ce ta faɗa ya ba ta. Mama ta dube shi, ta dube ni, ta ga mun haɗa baki. Muka zauna jugum kamar masu zaman makoki. Can hawaye ya gangaro mata ta ɓarin da ya shanye, Baba ya yi wuf ya kai mata kofin baki, har ya jiƙa mata riga. Gwaggo ta shigo ta tarar da mu haka, ta tafa hannu, ta ce ashe abin ya kai a hana marar lafiya ruwa, boko ya haukata ni, ni kuma na haukata ubana. Auta da ya ji labari ya ce shi dai tun farko ya ce a canza asibiti.

Na koma wurin malamar asibiti, ta ce ba a hana ta abin da take bukata za a yi ba, ba jarrabawa ba ce, a ba ta ruwanta, a dai bar mata fili in ta fara. Na ce ai ba ta farawa. Ta ce to a jira. Na ce har yaushe? Ta ce ba ta sani ba.

Na je wurin Fasto, na same shi a ofis yana gyara fankar da ta ƙi juyawa. Na zayyana masa kome, har da abin da ya faru da tsohon malaminsa, wanda ashe shi ma ya lura. Ya ajiye sukudireba. Ya ce shi a wa'azinsa ya fi ba da ƙarfi ga haƙurin ɗaukar kaya, irin na wanda masifa ta auka wa bai saki Allah ba, kuma a wannan babu kamar Baba. Amma nassi yana maganar wani haƙurin, na mai jiran abin da ba hannunsa ne zai kawo shi ba, kuma yana gani wannan ya fi ciwo, don mai ɗaukar kaya aƙalla yana da abin yi. Na tambaye shi to wanne ake so a gidanmu, na ba da ruwa ko na riƙe baki. Ya ce in yana da amsa da ya ba ni. Ya yi mini addu'a, na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi. Da na gaya wa Baba, sai ya ce manomin nan da ake ta misali da shi, ai irin da ya shuka ba ya kallonsa yana hawaye.

Duk da haka Baba ya canza, sai dai canjin ba daɗin gani. Ya ci gaba da hidimarsa, ruwa a kan lokaci, magani a kan lokaci, amma ya daina yi mata baki. In baƙi sun zo Mama ta ɗaga hannu, sai ya sunkuyar da kai ya kama gwiwarsa. Baƙin su yi tsuru-tsuru, su dubi juna, su yi sallama da wuri. Gidan ya yi tsit. Da mutum ɗaya ne ba ya magana, yanzu sun zama biyu. Aka fara raɗe-raɗin cewa Baba ya gaji da jinya, matan coci suka rage riƙe masa hannu a bakin ƙofa. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata. Mama kuwa ta daina juya fuska bango, amma kallon da take yi wa Baba na kasa fassara shi, ko tuhuma ce ko mamaki.

Makonni suka wuce a haka, ba kalma ko ɗaya. Nakan kwanta ina tunanin ko na rushe abu ɗaya da ya rage musu. Da aƙalla yana yi mata magana, tana jin haushinsa, wannan ma ai zama ne. Na yanke shawara ranar Asabar zan ce masa ya koma yadda yake, na ɗauki laifin.

Asabar ɗin da rana na tarar da su a baranda. Mama tana kan kujerarta, sandarta jingine da gwiwa, Baba yana kan ɗan benci a gabanta, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa yana yanke mata farce. Gwaggo tana gefe tana tsintar shinkafa a tire. Na gaishe su na zauna a bakin dakali, ina jiran ya gama in ja shi gefe.

Sai na ji wani ɗan sauti, kamar an taɓa ƙofar da ta daɗe a rufe. Leɓen Mama ne ke rawa. Baba ya tsaya da abin yankan farcen a hannu.

Ta ja numfashi, ta tura, ba abin da ya fito. Ta sake. Jijiyar wuyan nan da ya gaya mini ta tashi, yau na gan ta da idona, kuma na gane abin da yake nufi, don ni kaina ji na yi kamar in yi ihu in jero mata duk kalmomin duniya ta zaɓa. Gwaggo ta ajiye tire ta ce, "Ruwa take..." Baba ya ɗaga mata hannu ba tare da ya dube ta ba. Bakinsa yana motsi shi kaɗai, ya cije leɓe ya danne. Zufa ta keto masa a goshi. Wani mai gyaran takalma ya wuce a titi yana ƙwanƙwasa akwatinsa, muka ji shi tun daga nesa har ya ɓace, Mama tana nan tana kokawa. Ta rufe ido, na ce shi ke nan ta haƙura. Ta buɗe, ta kafe Baba da su.

"K... kai," ta ce.

Muryar ta dushe, ta karkace, amma tata ce. Baba ya miƙe zumbur har abin yankan farcen ya faɗi. Ya ce, "Na'am, ni ne! Kun ji? Uwata, kin ji?" Ya ɗaga hannuwa sama ya fara godiya ga Ubangiji, hawaye yana zuba, kalmomin da ya tara na makonni suna ta fitowa a guje, yana cewa a kira Auta, a kira Fasto. Gwaggo ta soma waƙa. Ni ma na tashi ina laluben waya a jaka, ba na ko gani sosai.

Ƙarar sanda a kan siminti ce ta tsayar da mu. Mama ce ta buga ta, ta sake bugawa. Fuskarta ba alamar murna, sai numfashi take sama-sama kamar wadda ta hau tudu. Muka yi cirko-cirko. Ta ɗauki lokaci mai tsawo, kowace kalma sai da ta haƙo ta.

"Ban... gama... ba."

Baba ya sauke hannuwansa a hankali. Na dubi fuskarsa na ga tsoro, tsoro na gaske, don shekara da shekaru shi ke sanin ƙarshen maganar kowa, yau kuwa bai san abin da zai biyo bayan wannan "kai" ɗin ba, ko godiya ce, ko kuwa duk abin da ta tara a ciki tun ranar da ta faɗi. Ni ma ban sani ba. Ya jawo ɗan bencinsa ya matso kusa har gwiwarsa ta taɓa tata, ya zauna, ya goge ido da bayan hannu.

"Yi haƙuri, Maman yara," ya ce. "Ina jin ki."

Mama ta sake jan numfashi, leɓenta ya fara rawa, Baba ya sa tafin hannu ya rufe bakinsa.